Kwana Huɗu Su Rufe Iyaka, Shekara Ashirin Su Rubuta Haƙƙin Ɗan Ci-rani



Akwai wani maƙwabcinmu, magini ne, da ya dawo daga Aljeriya daga shi sai rigar wuyansa da silifa. Wata bakwai ya yi yana ɗora bulo a wani gini a Tamanrasat. Mai ginin ya biya shi wata biyu, ya ce sauran sai an yi rufi. Ba a kai ga rufin ba aka yi samame da asuba, aka kwashe su, aka karɓe salula, aka loda su a mota sai Asamaka. Kuɗin wata biyar suna can. Da na je yi masa barka da zuwa na tambaye shi ko ya kai ƙara. Ya dube ni kamar na yi masa ba'a, ya ce: "Wajen wa?"

Wannan tambaya tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Alƙalin Maraɗi ba shi da iko da mai gini a Tamanrasat. Alƙalin Tamanrasat kuma ba zai ga mai ƙara ba, tunda an riga an jefo shi waje. Haƙƙin wannan bawan Allah ya faɗa cikin ramin da ke tsakanin ƙasashe biyu, kuma ba mai iya cike ramin nan sai gwamnatocin biyu sun zauna sun rubuta, sun sa hannu, sun aiwatar. Abin da ake nufi da haɗin kan gwamnatoci wajen kare haƙƙin jama'a ke nan: albashinka, lafiyarka, fanshonka da karatun ɗanka su bi ka duk inda biɗa ta kai ka.

Za a ce mana irin wannan haɗin kai yana da wuya, yana son lokaci. To bari mu duba mu ga ko gwamnatoci ba su iya sauri ba.

Ranar 26 ga Yuli 2023 aka yi juyin mulki a Yamai. Ranar 30 ga Yuli shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja suka ƙaƙaba mana takunkumi. Kwana huɗu. Aka rufe iyakoki, aka datse harkar kuɗi, cikin 'yan kwanaki Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, shinkafa ta tashi, magani ya yi wuya. Ba wanda ya ce a kafa kwamiti, ba wanda ya ce a jira ƙwararru su gama nazari. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage, bayan talaka ya sha ta iya sha.

Yanzu ku dubi wata takarda ta wannan ƙungiya ɗaya. CEDEAO tana da babbar yarjejeniya kan kariyar ma'aikata, wadda ta ce idan ka yi aiki shekaru a wata ƙasar ƙungiyar, ka koma wata ka ci gaba, za a haɗa maka shekarun zubinka, a biya ka fansho a inda ka zauna. An tsara ta tun 1993. Ministocin ƙwadago ba su amince da ita ba sai Disamba 2012, shugabannin ƙasa kuma sai 2013. Shekara 20. Bayan haka ma, ku shiga tashar motar Tawa ko ta Damagaram ku tambayi 'yan Abijan da 'yan Kwatano wa ya taɓa jin labarinta.

Kwana huɗu da shekara ashirin. Wannan bambanci shi ne dukan zancena. Iyawa sun iya. Abin da ya taɓa kujera ana yin sa kafin gari ya waye, abin da ya taɓa talaka kuma sai a ajiye shi cikin durowa.

Kada wani ya ɗauka CEDEAO kaɗai nake nufi. Ku dubi arewa. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a sahara tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga yankin Kance. Ƙasa ta yi makoki. Mi ya biyo baya? A ƙarshen 2014 Nijar da Aljeriya suka daidaita kan kwaso 'yan Nijar a maido su gida. Wannan yarjejeniya ba ta kwana cikin durowa ba. Motoci suna zuwa, ayari bayan ayari, shekara bayan shekara. 'Yan Nijar ana kawo su cikin ayarin hukuma, sauran 'yan Afirka kuwa a zubar da su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya sama da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a shekarar 2024 kaɗai.

Ashe ana iya zama da Aljeriya a sa hannu. To don mi aka rubuta yadda za a kwaso mutum, ba a rubuta yadda za a karɓo masa kuɗin guminsa ba?

Abin haushin, ba sabuwar doka ake buƙata ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin ma'aikata 'yan ci-rani da iyalansu ranar 18 ga Disamba 1990. Libiya ta shiga a 2004, Aljeriya a 2005, Nijar da Najeriya a 2009. Sashe na 22 ya hana korar mutane a dunƙule, ya ce a duba maganar kowa shi kaɗai. Ya kuma ce wanda za a kora a ba shi dama ya karɓi albashinsa da sauran haƙƙoƙinsa, kafin ya tafi ko bayan ya tafi. Sashe na 28 ya ce ba a hana ɗan ci-rani maganin gaggawa don ba shi da takarda. Sashe na 30 ya ce ba a hana ɗansa shiga makaranta. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ma, a sashe na 12, ta haramta korar baƙi a dunƙule. Duka ƙasashen nan hannunsu na kan takardar. Maginin unguwarmu bai san da ita ba. Waɗanda suka sa hannun kuwa sun sani, shiru suka zaɓa.

Turawa ma ba su da bakin yi mana wa'azi a nan. Babu ƙasa ko ɗaya cikin Tarayyar Turai da ta amince da yarjejeniyar 1990. Amma sun iya zuwa Yamai da jakunkunan kuɗi don a tare hanyar Agadas, har aka yi dokar 2015 da ta maida direbobi da masu masauki masu laifi, wadda aka soke a Nuwamba 2023. A gidansu fa? An sa hannu kan yarjejeniyar Rum a 1957, tun farkon 1959 suka fara aiki da ƙa'idar da ke haɗa wa ma'aikaci shekarun zubinsa daga wannan ƙasa zuwa waccan. Sun san amfanin abin tun kafin mu samu 'yancin kai. Wa kansu suka yi shi. Mu kuma shinge aka kawo mana, muka karɓa muka riƙe musu.

Na san abin da wasu za su ce: mun fita daga CEDEAO, zancen ya ƙare, yanzu zamanin diyaucin ƙasa ne. Ni ma na sha duhun 2023, kuma ban manta wanda ya kashe mana wuta ba. Amma mu yi wa kanmu gaskiya, akwai abin da talaka ya rasa a fitar nan, kuma dole a maye masa gurbinsa.

Ku tuna Hadijatou Mani. An sayar da ita a 1996 a yankin Ƙwanni tana 'yar shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahaya. Ta yi shekaru cikin bauta. Da ta samu kanta ta auri wanda take so, kotun ƙasarmu ce ta yanke mata ɗauri wai ta yi aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙarar gwamnatin Nijar gaban kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008, a nan Yamai, kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. 'Yar ƙauye da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta ka da gwamnati a gaban alƙalai, kuma gwamnati ta karɓi hukuncin. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne tun 2005 an buɗe ƙofar wannan kotu ga kowane mutum, ba sai ya gama zagayen kotunan ƙasarsa ba.

Tun 29 ga Janairu 2025 da fitarmu ta tabbata, wannan ƙofa ta rufe ga 'yan Nijar. Akwai kotun Afirka a Arusha, wadda Nijar ta yarda a 2021 cewa mutum zai iya kai ƙararta can, amma ita sai ka ƙare da kotunan gida tukuna, kuma Tanzaniya ba nan kusa ba ce. An yi maganar kafa kotun AES. Madalla. Tambayarmu ɗaya ce: wata Hadijatou za ta iya kai ƙarar gwamnatinta a can, ta ci nasara, a biya ta? In amsar e ce, a rubuta shi ƙarara cikin dokar kafa kotun. In kuwa kotu ce da gwamnati kaɗai ke kai mutane gabanta, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Haka zancen zirga-zirga. Tun 1979 yarjejeniyar CEDEAO ta ba mu damar shiga ƙasashen yankin ba biza. Bayan rabuwa, CEDEAO ta ce za a ci gaba da barin 'yan AES su shiga su zauna har sai an sake sanarwa, AES ma ta ce ƙofarta a buɗe take. Ku lura da kalmar: har sai an sake sanarwa. Mai shayi a Legas, mai tireda a Abijan, ɗan dako a Kumasi, mai gadi a Lome, zamansu duka yana rataye da sanarwa ɗaya. Mun kuma san abin da sanarwa ɗaya take yi. A 1969 Gana ta kori baƙi, kakanninmu na ciki. A Janairu 1983 Najeriya ta kori baƙi, alhali yarjejeniyar 1979 na nan da hannunta a kai. Wanda ya ga waɗannan ba ya kwana da ido biyu rufe a kan alƙawarin baki.

Ƙasashen AES sun nuna su ma sun iya sauri. An sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gurma ranar 16 ga Satumba 2023, an kafa tarayya a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024, an fito da fasfo a Janairu 2025, ga tuta, ga rundunar haɗin gwiwa. Ba mu raina ko ɗaya ba, tsaro ba abin wasa ba ne. Amma fasfo takardar fita ce. Abin da ke jiran mai fasfon a can inda ya je, shi muke tambaya. Ana ce mana zancen ƙasa ne. Mun yarda. Ɗan ƙasa da aka cinye wa albashin wata biyar, shi ba zancen ƙasa ba ne?

Wasu kuma za su ce mu ƙasa ce matalauciya, mai roƙo ba ya gindaya sharaɗi. Wa ya ce roƙo muke? Ƙarfinmu muke sayarwa. Gonakin kudancin Libiya da gine-ginen Aljeriya ba don tausayi suke ɗaukar yaranmu ba, hannu suke buƙata. Ku dubi Filifin. A farkon 2018, da aka tsinci gawar wata 'yar aikinsu cikin firiza a Kuwait, gwamnatinsu ta dakatar da tura ma'aikata can. Cikin watan Mayu na shekarar Kuwait ta sa hannu kan yarjejeniyar da ta ce 'yar aiki za ta riƙe fasfonta da salularta. Ku dubi Maroko: ta yi yarjejeniyar kariyar ma'aikata da Faransa tun 1965, da Beljiyam a 1968, da Holand a 1972, shi ya sa tsohonsu ke zaune a ƙauyensu fanshonsa na iske shi. Mu ma mun yi irinta da Faransa a 1973. 'Yan Nijar nawa ne ke aiki a Faransa, nawa ne a Libiya da Najeriya da Kodebuwa? An yi wa tsiraru rumfa, an bar jama'a a rana.

A ƙarshen Nuwamba 2021 Nijar da Libiya sun sa hannu a Yamai kan takardar fahimtar juna game da 'yan ci-rani masu aiki. Aka yi hotuna. Ku tambayi duk wanda ya dawo daga Sabha ko Tarabulus ko takardar ta taɓa fidda shi daga gidan tsare mutane, ko ta karɓo masa albashi. Sa hannu ba shi ne aiki ba. Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince, a watan Mayu 2015, da ƙarin yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan aikin tilas. Tana cikin ƙasashe ƙalilan da suka amince da yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2018 kan 'yancin zirga-zirga. Wajen sa hannu ba a fi mu ba. Wajen bin sawu ne muke kwance.

Akwai kuma wani gyara da dole a yi, in ba haka ba ko an aiwatar da takardun nan ba za su kai ga mutanenmu ba. Yarjejeniyar CEDEAO da ta CIPRES, ƙungiyar asusun ma'aikata da aka kafa a 1993 wadda Nijar ke ciki, an gina su ne a kan ma'aikacin da ke da kwangila a rubuce, mai lamba a asusu irin CNSS. Ɗan ci-raninmu ba haka yake ba. Yana tafiya bayan girbi, ya dawo da faɗuwar ruwa. Ba kwangila, ba lamba, ba takardar albashi. In ana son a kare shi, sai an yi tsarin da zai iya zuba jika ɗaya ko biyu ta salula daga inda yake, zubin ya tsaya da sunansa, ya ba iyalinsa damar ganin likita a gida, ya zame masa abin dogaro ran da ƙarfi ya ƙare. Kuɗin da yake aikowa gida ta salula suke zuwa. In kuɗi sun iya ƙetare iyaka cikin minti ɗaya, zubi ma zai iya.

Kafin mu nuna wa wasu yatsa, mu leƙa gidajenmu. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye ko daga Togo da Benin tana wanke-wanke a Yamai daga asuba har dare, nawa ake ba ta? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun Janairu 2024. Gida nawa ke biyan 'yar aiki ko rabin haka? Masu haƙar zinariya a Jado da suka zo daga Cadi da Sudan, in rami ya rufta wa ke biyan diyya? 'Yan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato da Katsina da ke jihar Maraɗi, ƙaƙa muke biyan su in sun yi mana aikin gona? Yarjejeniya ba-ni-in-ba-ka ce. Ba ka zuwa gidan wani ka ce a mutunta ɗanka alhali kana taka nasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To ga abin da muke biɗa, kuma ba mu ga wanda ya fi ƙarfin gwamnati a ciki ba.

Na ɗaya, a tattaunawar da ke tsakanin AES da CEDEAO, kada a tsaya kan kaya da kuɗin fito. A rubuta haƙƙin zama da aiki da haɗa shekarun zubi cikin yarjejeniya mai ɗaure kowa, wadda sanarwa ɗaya ba ta rushewa.

Na biyu, ƙasashen AES uku su yi tasu yarjejeniyar kariyar ma'aikata da ta haɗa da mai aikin hannu da ɗan kasuwa da 'yar aiki, su ba ta irin saurin da suka ba fasfo.

Na uku, a sake zama da Aljeriya da Libiya. Duk wanda za a maido, a rubuta sunan wanda ya yi wa aiki da abin da yake bin sa, a kuma sa wanda zai bi kuɗin. A ajiye jami'in ƙwadago a ƙananan ofisoshin jakadancinmu irin na Tamanrasat da Kano da Jidda, mai lambar waya da ake kira a ɗauka, mai jin Hausa da Zabarmanci da Tamashek.

Na huɗu, kotun da za a kafa ta karɓi ƙarar mutum ɗaya a kan gwamnatinsa, kuma hukuncinta ya zama dole.

Na biyar, a amince da yarjejeniya mai lamba 189 ta 2011 kan 'yan aikin gida, kamar yadda Gine ta yi a 2017, a fara aiki da ita daga gidajen manya.

Na shida, duk yarjejeniyar da aka sa wa hannu da sunanmu a fassara ta cikin harsunanmu, a karanta ta a gidajen rediyo, a liƙa ta a tashoshin mota. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, wasu ne ke cin sa.

Ku kuma matasa, akwai naku. Kusan kowane gida a Tawa, Kance, Magariya da Madawa yana da wanda ke waje. Ku gaya wa mai shirin tafiya ya riƙa ɗaukar hoton wurin aikinsa, ya rubuta sunan mai aikin da ranakun da ya yi da abin da aka biya shi, ya aiko gida tun yana can, kafin a karɓe salular. Ku zauna da waɗanda suka dawo ku rubuta abin da suke bi. Ƙarar mutum ɗaya ana share ta, amma takarda mai sunaye dubu da lissafin kuɗinsu sai an amsa ta. Sannan duk jami'in da ya dawo daga taron ƙasa da ƙasa ya ce an samu nasara, ku tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, a wane shafi aka rubuta albashin ɗan ci-rani?

Maginin unguwarmu ya sayar da akuyar matarsa, yana haɗa kuɗin mota. Ya ce da an gama girbi zai koma, don zama ba ya ciyar da yara shida. Na ce masa in an sake kwashe ku fa? Ya ce Allah na nan. Gaskiya ne, Allah na nan. Amma Allah ya ɗora wa shugabanni amanar talakawansu, na gida da na waje, kuma zai tambaye su. Mu ma tun a nan za mu fara tambaya.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya maido su gida da guminsu a hannu.